Awon madara sau goma a jikin saniya ɗaya: da wane lissafi za a fitar da gado?

Sa'adatu:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina rubuta kundin digiri na biyu a kan madarar shanun Bunaji, kuma na samu littafin awo na wata gonar bincike wanda ya ƙunshi shanu kimanin 200, 'ya'yan bijimai da ba su kai 20 ba. Ana auna madarar kowace saniya sau ɗaya a wata tun daga haihuwa har ta ƙafe, saboda haka wata tana da awo goma a zangon tatsa ɗaya, wata shida, wata ma uku kacal, kuma an bi da yawa daga cikinsu har zango biyu ko uku. Layukan da na shigar a kwamfuta sun haura 3,000. Burina shi ne in ƙiyasta kason gado, wato yawan bambancin da ke tsakanin shanun wanda ya samo asali daga ƙwayoyin halittar da iyaye ke miƙa wa 'ya'ya, sannan in jera bijiman bisa darajar irinsu. An ba ni shawarwari uku masu karo da juna. Wani ya ce in ɗauki dukkan awon a matsayin maimaicin hali guda, wani ya ce in ɗauki awon kowane wata a matsayin hali mai zaman kansa in haɗa su a lissafi ɗaya, na uku kuma ya ce in bai wa kowace saniya nata zanen hawa da saukar madara. Ina roƙon a haska mini wanda ya dace da irin bayanan da ke hannuna.

Dakta Lawal:
Wa alaikumus salam, Malama Sa'adatu. Kafin a kai ga zaɓen tsari, akwai abin da nake so ya zauna a zuciyarki: layuka 3,000 ba dabbobi 3,000 ba ne. Wanda ya tambayi mutum ɗaya sau goma bai samu shaidu goma ba, ya dai tabbatar da abin da mutumin nan ɗaya yake faɗa. Abin da saniya ta bayar a ranar awo ya haɗa abubuwa uku. Akwai gadonta, akwai abin da ya same ta a rayuwa ya zauna mata har abada ba tare da ta iya gadar wa 'yarta ba, kamar yunwar da ta sha tana maraƙa ko ciwon hantsa da ya kashe mata nono ɗaya, sannan akwai abin da ya faru a ranar kawai, kamar zazzaɓi ko ƙarancin ruwan sha. Maimaita awo yana rage na ukun ne kaɗai. Na biyun yana nan manne da gado a kowane layi na wannan saniya, kuma babu abin da ke raba su sai dangantaka, wato a ga cewa 'ya'yan bijimi ɗaya sun yi kama da juna fiye da yadda suka yi kama da sauran garke.

Wannan fahimta tsohuwa ce, tana cikin koyarwar Jay Lush na Iowa tun littafinsa na 1937, kuma lissafinta mai sauƙi ne. A ce kason gado 0.25 ne, maimaituwa kuma, wato yadda awon saniya ɗaya ke kama da juna daga wannan awo zuwa wancan, 0.45. Da awo ɗaya, daidaiton hasashen darajar irin saniya daga bayananta ita kaɗai 0.50 ne, a ma'aunin da 1 ke nufin cikakken daidaito. Da awo uku ya kai 0.63, da goma ya kai 0.70, kuma ko za a auna ta har ƙarshen rayuwarta ba zai wuce 0.75 ba. Ribar tana cikin awon farko-farko, sauran kuwa ƙari ne kaɗan.

Yanzu ki dubi yawan shanunki. Akwai ƙa'idar kusanto da masanin ilimin gado Falconer ya kawo a littafinsa na koyarwa game da 'yan uba ɗaya: a mafi kyawun tsari, kuskuren ƙiyasin kason gado ana samunsa ne idan aka ninka kason gadon sau 32, aka raba da yawan dabbobi, sannan aka ɗauki tushen murabba'in abin da ya fito. Da 0.25 da dabbobi 200, amsar ita ce 0.20. Ƙiyasin da zai fito 0.25 alhali kuskurensa 0.20 ba ya iya bambance hali mai ƙarfin gado da wanda kusan babu gado a cikinsa. Maimaita awo da dangantakar uwa da 'ya za su rage wannan kuskure, amma ba za su mayar da garkenki na dubbai ba. Saboda haka ni ina tare da shawarar farko. Tsarin maimaituwa yana neman lambobi uku ne kawai, ɗaya ga kowane ɓangare, kuma ko su ukun bayananki da ƙyar za su ɗauke su.

Nasiru:
Allah ya ƙara sani, Dakta. Na yarda da lissafin, amma ina da ja a kan hukuncin. Tsarin maimaituwa yana ɗora sharuɗɗa biyu masu nauyi waɗanda ba a cika faɗa wa ɗalibi ba: cewa ƙwayoyin halittar da ke sarrafa madara a mako na biyu su ne dai ke sarrafa ta a wata na takwas, da ƙarfi iri ɗaya, wato alaƙar gado tsakanin kowace rana da kowace rana 1 ce cif, da kuma cewa girman bambanci tsakanin shanu bai canzawa daga farkon zango zuwa ƙarshensa. A shanun madara da aka yi wa bincike mai yawa an ga cewa watannin da ke maƙwabtaka suna da alaƙar gado mai ƙarfi sosai, amma tana raguwa yayin da tazarar ke ƙaruwa. Wannan ne ya sa Kirkpatrick da abokan aikinsa suka kawo hanyar kallon alaƙar a matsayin abu mai gudana tare da lokaci a 1990, Schaeffer da Dekkers suka gabatar da tsarin zanen kowace saniya a 1994, ƙasar Kanada kuma ta mayar da shi hanyar tantance shanunta a hukumance a 1999.

Abin da ya fi damuna shi ne halin da makiyayinmu ya fi buƙata. Saniyar da ta cika ƙwarya a watan farko ta ƙafe a na huɗu da wadda ta riƙa ba da kaɗan-kaɗan har wata tara suna iya yin jimilla ɗaya, amma ba darajarsu ɗaya ba a gidan da ake sayar da nono kullum don cefane. Tsarin maimaituwa bai san wannan bambanci ba, domin ya riga ya ɗauka cewa kowace saniya tana bin zanen garke ne, sama da shi ko ƙasa da shi da tazara ɗaya daga farko har ƙarshe. Idan aka yi amfani da lissafin Legendre, wato hanyar zana hawa da saukar madara da lambobi kaɗan, mai lambobi uku ga kowace dabba, ana neman lambobi shida a ɓangaren gado, shida a ɓangaren muhalli mai ɗorewa, wato abin da ya samu saniya a rayuwa ya zauna mata, da ɗaya ko 'yan kaɗan na saura, wato abin da ya faru a ranar awo kawai. Lambobi 13 zuwa 16 daga layuka 3,000 ban ga sun yi yawa ba.

Malama Hadiza:
Malam Nasiru, ina ganin a jimlarka ta ƙarshe ka koma ga abin da Dakta ya gargaɗe mu a kai. Lambobi shida na ɓangaren muhalli mai ɗorewa, haƙiƙa layuka 3,000 ne ke ciyar da su, domin duk saniyar da aka auna sau da yawa tana nuna yadda zanenta yake. Amma shidan ɓangaren gado ba layuka ke ciyar da su ba, iyalai ne, kuma iyalan uba a nan ba su kai 20 ba. Kana neman a gano daga iyalai ƙasa da 20 ba matsakaicin madara kaɗai ba, har da gangarar zanen da lanƙwasarsa da yadda ukun ke cuɗanya da juna.

Bari in taɓa shawara ta biyu, tunda babu wanda ya yi magana a kanta. Idan aka ɗauki watanni goma a matsayin halaye goma, jadawalin alaƙoƙin gado yana da lambobi 55, na saura ma 55, jimilla 110. Hill da Thompson sun nuna tun 1978 cewa yayin da halaye ke ƙaruwa iyalai kuma ba su da yawa, yiwuwar samun jadawalin da ba zai yiwu a zahiri ba tana ƙaruwa da sauri, wato a samu alaƙar da ta haura 1 ko wani haɗin halaye mai bambancin da ya gaza sifili. Manhajojin yau suna tilasta wa amsar ta tsaya a bakin iyaka, sai ɗalibi ya ga alaƙa 0.99 ko kason gado 0.00 ya ɗauka binciken ne ya gano haka, alhali bayanan ne suka kasa magana. Don haka halaye goma ba abin tattaunawa ba ne a wannan garke. Tsarin da Malam Nasiru yake so taƙaitaccen wannan ne, ya matse 55 zuwa 6, kuma a garken dubban shanu dabara ce mai kyau ƙwarai.

Abin da zan ba da shawara shi ne kada a yi wa ɓangarorin biyu adalcin da bai dace ba. A bai wa muhalli mai ɗorewa lambobi uku ko huɗu, domin bayanan za su iya ɗaukarsu, kuma yin haka zai gyara kuskuren ɗaukar cewa awon wata na ɗaya da na tara suna da kusanci irin na wata na huɗu da na biyar. A ɓangaren gado kuwa a fara da lamba ɗaya, sannan a gwada ƙara gangara a gani ko akwai alamarta. A kuma bar bambancin saura ya canza tsakanin farkon zango da tsakiyarsa da ƙarshensa, domin awon makonnin farko ya fi rawa.

Alhaji Buba:
Ni ba masanin lissafi ba ne, aikina kula da garke ne, kuma a cikinsa na tsufa. Ina karanta maganganunku da sha'awa, amma akwai tambayar da nake so 'yata Sa'adatu ta fara amsawa: mene ne aka auna? Bunaji ba kamar shanun Turawa ba ce da ake raba ta da ɗanta a sa mata inji. Galibinsu ba sa sakin nono sai an kawo maraƙi ya fara tsotsa, sannan a janye shi a tatsa, a kuma bar masa saura. Abin da ya shiga littafi shi ne abin da mai tatsa ya ɗiba, kuma wannan ya dangana da hannunsa da tausayinsa ga maraƙin. Wani mai tatsar yakan bar wa maraƙi mace fiye da namiji domin ita ce garken gobe, wani kuma yakan sassauta idan ya ga maraƙin ya rame. Idan maraƙi ya girma ya fara cin ciyawa, ana ƙara ɗiba, sai littafi ya nuna kamar madarar ba ta sauka ba alhali ta sauka. Idan kuma maraƙi ya mutu, sau da yawa uwar takan ƙafe cikin 'yan kwanaki ko da tana cikin mafi kyawun shanun garken.

Abu na biyu shi ne lokaci. Saniyar da ta haihu a farkon damina tana samun ɗanyar ciyawa a daidai lokacin da nononta ke kan ganiya, sannan ƙarshen zangonta ya faɗa cikin rani, sai saukar ta yi tsanani. Wadda ta haihu a tsakiyar rani kuwa tana farawa da kara da harawa, idan an samu dusa ko angurya a ƙara mata, sai ruwa ya sauka tana wata na huɗu ko na biyar, madararta ta sake tashi. Na ga irin wannan tashi na biyu ba sau ɗaya ba. Idan lissafinku zai ce wannan ta fi waccan juriya a jini, ni zan ce watan haihuwarsu ne ya bambanta.

Dakta Lawal:
Alhaji, Allah ya saka da alheri, wannan ita ce maganar da ta fi duk abin da muka faɗa nauyi. Amfanin farko na yin lissafi da awon rana-rana maimakon jimillar zango, kamar yadda Ptak da Schaeffer suka nuna a 1993, shi ne ana iya kwatanta kowace saniya da waɗanda aka auna tare da ita a rana ɗaya a garke ɗaya, sai tasirin ciyawar wannan rana da zafinta da ruwanta ya fita daga lissafin. Dole ne Malama Sa'adatu ta sa ranar awo a matsayin tasiri tsayayye, wato abin da ya shafi duk shanun da aka auna a ranar, wanda lissafin ke cirewa kafin ya kwatanta su. Amma wannan kaɗai bai isa ba, sai an bar zanen garke ya bambanta bisa lokacin haihuwa, na damina daban, na kaka da hunturu daban, na bazara daban, haka kuma na haihuwar fari daban da na sauran. Sanannen zanen Wood na 1967 yana da tashi ɗaya da sauka ɗaya, don haka ba zai iya kama tashi na biyu da kuka bayyana ba. Gara a raba zangon gida-gida na kwana 30 a bar bayanan su zana abin da ke akwai.

Akwai haɗari guda da ya kamata a duba tun yanzu. Idan an yi amfani da wani bijimi a shekara biyu kawai, kuma shi kaɗai ne a garken a lokacin, to 'ya'yansa duk sun taso a yanayi ɗaya, kuma babu lissafin da zai raba darajarsa da albarkar waɗannan shekaru ko wahalarsu, sai dai ta hanyar 'ya'yansa da suka daɗe har aka tatse su tare da 'ya'yan wasu. A yi jadawalin bijimai da shekarun awo a ga inda suka haɗu kafin a taɓa kowace manhaja.

Malam Isuhu:
Ina gaishe ku daga Maraɗi. A nan Nijar tashar Tukunus da ke yankin Filinge ta daɗe tana zaɓen shanun Azawak domin madara, cibiyar awaki ta Maraɗi kuma tana aiki a kan jar akuya, don haka tambayar Malama Sa'adatu tamu ce mu ma. Ina so in ƙara wata fuska. Kuna ta magana a kan lokaci a matsayin kwanaki bayan haihuwa, amma a Sahel lokacin da ya fi raba shanu shi ne rani da damina. Falconer ya ba da shawara a 1952 cewa hali ɗaya da aka auna a muhalli biyu a ɗauke shi a matsayin halaye biyu, a ƙiyasta alaƙar gadon da ke tsakaninsu. Idan alaƙar ta kusa 1, saniyar da ta fi a damina ita ce ta fi a rani. Idan ta yi ƙasa, to akwai shanun ciyawa akwai kuma shanun wahala, kuma Robertson ya ba da 0.8 a 1959 a matsayin iyakar da ƙasa da ita abin ya cancanci a damu da shi.

A ganina tsarin halaye biyu, madarar damina da madarar rani, kowanne da maimaicinsa, ya fi kusa da tambayar makiyayi fiye da halaye goma ko lanƙwasa mai hawa uku. Lambobin gado uku ne kawai. Kuma madarar rani ita ce mai tsada a kasuwa, ita ce kuma ke raya maraƙi a watannin da ake rasa su.

Malama Hadiza:
Malam Isuhu, tambayar taka ta fi kyau a fuskar kiwo, kuma na so a ce garken zai iya amsa ta. Sai dai alaƙar gado ta fi kason gado wuyar ƙiyastawa, domin kuskurenta yana ƙaruwa idan kason gadon halayen biyu ƙanana ne ko ba a san su da kyau ba. Da iyalai ƙasa da 20, ina tsammanin za a samu amsar da tazararta za ta haɗa da 0.8 ta kowane gefe, sai a kasa cewa komai. Duk da haka ina goyon bayan a yi shi, da sharaɗin a buga kuskuren ƙiyasin kusa da lambar, kuma a duba alaƙar a matakin saniya gaba ɗaya, wato gado da muhalli mai ɗorewa a haɗe, wadda shanu 200 za su iya bayarwa da ƙarfi. Idan a wannan mataki ma shanun suna sauya matsayi tsakanin rani da damina, an samu hujjar neman a haɗa bayanan tashoshi da yawa.

Sa'adatu:
Na gode ƙwarai, malamaina. Baba Alhaji, littafin bai nuna sunan mai tatsa ba, amma ya nuna jinsin maraƙi da ranar haihuwarsa, kuma akwai wani littafin dabam na mace-mace da zan nema. Ina da ƙarin tambaya biyu. An ce mini in goge duk zangon da bai kai kwana 100 ba domin wai ba cikakke ba ne, kuma irin waɗannan suna da dama. Sannan na lura cewa shanu da yawa suna da zangon fari kawai, daga nan ba a sake ganinsu ba, ina kyautata zaton an sayar da su ne saboda ƙarancin madara. Shin in tsaya a kan waɗanda suka yi zango biyu zuwa sama domin bayanan su daidaita?

Farfesa Garba:
'Yata Sa'adatu, kada ki goge ko ɗaya daga cikin biyun, kuma dalilan sun bambanta, don haka zan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Game da waɗanda aka sayar, idan kika tsaya a kan shanun da suka kai zango na biyu, kin tsaya a kan waɗanda suka riga suka tsallake zaɓe. Bijimin da aka sayar da rabin 'ya'yansa saboda rashin madara zai bayyana da sauran rabin masu kyau, sai ya yi kafaɗa da bijimin da 'ya'yansa duka suka zauna. Bambancin da ke tsakanin iyalai zai ragu, kason gado ya faɗi, jerin bijiman kuma ya karkace. Babbar fa'idar haɗa halaye ko zanguna a lissafi ɗaya, wadda ta fito daga aikin Henderson na jami'ar Cornell da abin da ya rubuta tare da Quaas a 1976, ita ce idan bayanan da aka dogara da su wajen zaɓen suna cikin lissafin, to lissafin yana gyara tasirin zaɓen da kansa. Zangon farin saniyar da aka sayar shi ne ke gaya wa tsarin dalilin ɓacewarta. Hanyar REML ta Patterson da Thompson, ta 1971, wadda ake ƙiyasta girman kowane ɓangare na bambanci da ita, ba ta buƙatar kowace dabba ta zo da awo daidai da na 'yar'uwarta, don haka neman daidaito ta hanyar gogewa asara ce kawai.

Gajeren zango kuwa ya fi wannan zurfi, kuma a nan ne nake ganin dukkan tsare-tsaren da aka ambata a sama suna da rauni ɗaya. A shanun Holstein na Turawa kusan kowace saniya tana kai kwana 305, tsawon zangon da aka saba lissafi da shi, idan ba a daina tatsarta da gangan ba, saboda haka awon da babu shi awo ne da ba a yi ba. A shanu masu tozo ƙafewa da wuri hali ne na dabbar, kuma masu bincike a Burazil, musamman Madalena, sun daɗe suna jan hankali cewa cire gajerun zanguna yana share wani ɓangare na bambancin gado da ake nema. Saniyar da ta ƙafe a wata na uku ba ta rasa awon wata na shida ba, awonta na wata na shida sifili ne. Idan kika bar gurbin babu komai, tsarin zai ɗauka cewa da an auna ta da ta bi zanen garke, sai ya ba ta darajar madarar da ba ta taɓa bayarwa ba. Idan kuma kika cika gurbin da sifili, kin karya sharaɗin rarrabuwar da lissafin ya dogara a kai. Mafita mafi tsabta da na sani ita ce a ɗauki tsawon zango a matsayin hali na biyu a haɗa shi da madarar rana, sannan a yi wani lissafin dabam a kan jimillar madarar zango ba tare da an miƙe ta zuwa kwana 305 ba, a kwatanta jerin bijiman da hanyoyin biyu suka bayar.

Amma a nan maganar Alhaji Buba ta dawo. Zangon da ya yanke saboda maraƙi ya mutu, ko saniyar ta yi ciwo, ko an sayar da ita tana cikin tatsa, ba ɗaya yake da wanda ya ƙare don kansa ba. Na farkon yankakke ne, ba mu san inda zai kai ba, na biyun kuwa cikakke ne ko da kwana 70 ne. Littafin mace-macen da kika ambata shi ne zai raba miki su.

Nasiru:
Ranka ya daɗe, wannan bayani ya sauya yadda nake kallon juriyar tatsa, domin a Bunaji tsawon zangon ne babban ɓangarenta, gangarar zanen tana biye. Duk da haka ina nan a kan cewa a gwada gangarar gado, kada a yanke mata hukunci tun ba a duba ba. Shirin inganta shanun Gir na madara a Burazil, wanda aka fara a 1985, shi ma da shanu masu tozo ya yi aiki, kuma ya kai inda ya kai ne ta hanyar gwada bijimai a garkuna da yawa da kuma tara awo shekara da shekaru. Idan ɗalibanmu ba su koyi waɗannan hanyoyi a kan ƙananan bayanai ba, ranar da manyan suka samu babu wanda zai iya sarrafa su. A gwada tsarin mai lamba ɗaya da mai lamba biyu, a bar gwajin yiwuwa, wato gwajin da ke nuna tsarin da ya fi dacewa da bayanan, ya yi hukunci.

Malama Hadiza:
Na amince a gwada, da sharuɗɗa biyu. Ba a kwatanta sakamakon REML na tsari biyu sai tasiransu tsayayyu iri ɗaya ne, don haka a kammala maganar ranar awo da lokacin haihuwa da jinsin maraƙi tukuna, a kulle ta, sannan a shiga canza ɓangaren dabba. Na biyu, a ƙara gangarar gado ne bayan an bai wa muhalli mai ɗorewa cikakken zanensa, domin idan aka tauye shi, bambancin da ya rasa wurin zama zai gangara ɓangaren gado, sai kason gado ya kumbura. Wannan kumburi ya fi bayyana a bakin zango biyu, kwanakin farko da na ƙarshe, inda lissafin Legendre ya saba yin rawa saboda ƙarancin awo. A garken da shanu kaɗan ne ke kai wata tara, duk kason gado mai girma da ya fito a can abin tuhuma ne, kuma gara a yanke binciken a watan da har yanzu akwai 'ya'yan mafi yawan bijiman.

Alhaji Buba:
Akwai abu ɗaya da ya rage a raina. Kun ce dangantaka ce ke raba gado da sauran abubuwa, to wa ya tabbatar da uban? A garken da bijimai biyu ko uku ke kiwo tare da shanu, abin da aka rubuta a littafi sau da yawa zato ne na makiyayi, wanda ya ga wane ne ke bin saniyar. Inda aka ware bijimi ɗaya da rukuninsa a shinge, ko aka yi baye ta hanyar allura, nan ne za a amince da rubutun.

Farfesa Garba:
Gaskiya ne, Alhaji, kuma kuskuren uba yana jan kason gado ƙasa, domin yana cusa baƙi cikin iyali har iyalan su riƙa kama da juna. A Tanzaniya da Habasha, shirin da ILRI, cibiyar binciken dabbobin kiwo ta ƙasa da ƙasa, ta jagoranta a kan shanun madara na ƙananan manoma ya kauce wa rashin salsala ta hanyar gwajin ƙwayoyin halitta, inda ake lissafa dangantaka daga jinin dabbobin kai tsaye. Wannan yana buƙatar kuɗi da kuma dabbobin da ke raye, kuma yawancin shanun littafin Sa'adatu sun riga sun bar garken. Abin da za ta iya yi shi ne ta tambayi tsofaffin ma'aikatan gonar yadda ake haɗa shanu da bijimai a kowane zamani, ta mayar da uban da ake shakka a kansa wanda ba a sani ba. Uba marar suna yana rage bayani, uban ƙarya kuwa yana gurɓata shi.

Sa'adatu:
Ranku ya daɗe, zan je gonar in nemi littafin mace-mace in kuma zauna da tsofaffin makiyayan. Wace manhaja ce za ta iya ɗaukar salsala tare da zanen muhalli mai ɗorewa da halaye biyu, wadda ɗalibi zai samu ba tare da biyan kuɗin lasisi ba?

Nasiru:
WOMBAT ta Karin Meyer, daga Armidale a Ostareliya, kyauta ce kuma an gina ta ne domin irin wannan aiki, tana zuwa da misalan da za ki iya bi. Manhajojin BLUPF90 na rukunin Misztal a jami'ar Jojiya su ma ana samunsu kyauta domin bincike. ASReml tana da sauƙin rubutu amma ta kuɗi ce. A WOMBAT sai kin mayar da lambobin dabbobi yadda na iyaye za su gaza na 'ya'yansu, kuma ki sa sifili a gurbin uban da ba a sani ba. Idan kin kammala jadawalin bijimai da shekarun awo da Dakta Lawal ya nema, ki turo shi nan tare da adadin zangunan da suka yanke saboda mutuwar maraƙi, sai mu rubuta fayil ɗin umarnin tare.